Hoto Na Talatin

Gab da magariba Bushaib kafinta ya fito daga gidan ƙanwarsa a Kazablanka, ransa a ɓace. A aljihunsa akwai tsohuwar na'urar wasa ta hannu, mai 'yar kyamara a ka kamar ƙwayar ido. Hoto talatin kawai take ɗauka, baƙi da fari, ɗigo-ɗigo. Na talatin mahaifiyarsu ce tana dariya a gaban tukunyar kuskus. Duk rayuwarta ba ta yarda an ɗauke ta hoto ba sai wannan, don ta zaci abin wasa ne.

Shekara ashirin na'urar tana akwatin Zuhur, ƙanwar tasa. Sai yau take gaya masa wai batirin da ke riƙe hotunan ya kusa mutuwa. Har da cewa ya bari sai da safe, mai gyara ba guduwa zai yi ba. Ya ce ita ma tsohuwar tasu da “sai da safe” aka kai ta kabari. Ya bugo ƙofa ya fito.

Ya yanke ta lungun tsohon gidan wanka, wanda aka rufe tun yana saurayi. Ba kowa. Amma ƙamshin sabulu ya cika lungun, tururi mai ɗumi na fita ta ƙasan ƙofa.

Na'urar ta yi ƙara a aljihunsa. Ya ciro ta, ya tarar ta kunna kanta.

Idon ya juya da kansa, ƙiris-ƙiris, ya tsaya yana kallon bayan kafaɗarsa. A gilashin, wani dogon abu ne tsaye, gashi jiƙe, babu fuska.

“Ni ma a ɗauke ni,” aka raɗa masa a kunne.

“Babu gurbi,” in ji Bushaib.

Ƙyas. Hoto na ɗaya ya goge, abin ya zauna a wurin. Ƙyas. Na biyu.

Ya kashe, ta ƙi mutuwa. Goma. Sha bakwai. Ruwan zafi na ɗiga masa a wuya.

Fushi ya danne tsoro.

“Ubanka ne ya saya?”

Ashirin da tara.

Ya danne idon da babban yatsa, yana jan Ayatul Kursiyyu da murya irin ta faɗa. Yatsan ya yi ƙauri. Bai ɗaga ba. Ya ruga har bakin titi, wani abu na binsa da jiƙaƙƙen taku, sai da ladan ya ɗaga murya takun ya tsaya.

Si Larbi mai gyara ya sauya batirin, bakinsa na motsi da addu'a, ya ce kada a sake kawo masa ita.

Hoton ya tsira. Sai dai tsohuwar ta daina dariya. Ta juyar da kai gefe, tana kallon na ashirin da tara. Bushaib ya gwada goge maƙwabcin nata ya fi sau ɗari, ya ƙi goguwa. Kullum bayan magariba yakan kunna, ya zauna kusa da ita, yana zaginsa.