Sunan Jikar Argiro

Tsohuwa Argiro tana murza ƙullin burodin alayyahu kamar da shi take faɗa. Surukarta Stamatia kuwa tana gefe tana yanka albasa, ta samu abin fakewa da hawayenta.

"Ni dai ban taɓa jin an toshe rijiya an sha ruwanta ba," in ji tsohuwar, ko kallonta ba ta yi ba.

"Mama, ba mahaifar aka toshe ba, jijiyoyin da suka lalace ne. Likita ta ce zan haihu, in dai na jira shekara..."

"Shekara! Ni wa ya ba ni takardar shekara? Ko sai na bi mijina Thanasis kabari babu mai amsa sunanmu?"

Nan fa gizo yake saƙar. A al'adarsu, jikan fari sunan kakannin wajen uba yake ci: in namiji ne marigayi Thanasis, in mace ce Argiro. Ga Lefteris, mijin Stamatia, shi kaɗai Allah ya ba su. Ita kuwa baiwar Allah ɓari ta yi da kakar zaitun, jini ya ɓalle kamar an buɗe famfo. A asibitin birni aka yi mata hoton ciki, aka ga jijiyoyin jini sun cukurkuɗe a jikin mahaifarta. Likita ta zura siririn bututu ta cinya ta toshe su, mahaifa ta tsira da ƙyar. Sharaɗi ɗaya ta gindaya: kada ciki ya shiga kafin wurin ya warke, in ba haka ba jinin na iya dawowa ya tafi da ita.

To, gori ya fi duka ciwo, balle ga marainiyar da ba ta da uwar da za ta kai wa kuka. Washegari Lefteris ya dawo daga gona, ya tsinci ƙwayoyin hana ɗaukar cikinta a kwandon shara.

"Stamatia! Mene ne wannan?"

"Na gaji, Lefteris! Bari in ba ta jikan, in na mutu ma dai na huta."

Ya nufi kicin wurin mahaifiyarsa.

"Mama, ranar da jinin ya ɓalle kina gona, ba ki gani ba. Ni na ɗauke ta. Rigata har yau ba ta wanku ba! In sai da jinin matata sunan Baba zai rayu, to a bar shi ya kwanta tare da Baba."

Kai! Maganar da ko mashayin ƙauyen bai taɓa furtawa ba. Tsohuwa ta shige ɗaki, ta ɗauke musu wuta. Ko gaisuwa ba ta amsawa.

Ran nan sai ga ta da sassafe da baƙin ɗankwalinta, ta dire ƙunshin sababbin ƙwayoyin daga kantin magani a gaban Stamatia.

"Ungo. Kullum a gabana za ki sha. Na binne miji, ba zan binne 'ya ba."

Stamatia ta faɗa jikinta, suka yi kuka mai isarsu. Daga ranar bakin Argiro ya koma kan 'yan sa-ido. Duk wadda ta leƙo a bakin coci da "har yanzu shiru?" sai ta ji, "Ke ce likitar? Je ki ji da akuyarki mai cin furen mutane!"

Shekara ta cika, likita ta duba ta ce wuri ya yi lafiya lau. Ba a daɗe ba ciki ya samu. Sun sha fargaba, ba ƙarya, kowane awo tsohuwa na zaune a benci da jakarta a cinya tana addu'a. Allah cikin ikonsa aka yi tiyata, aka ciro 'ya mace mai ƙarar murya irin ta kakarta.

Ranar baftisma, wato ranar da ake raɗa wa jariri suna, coci ya cika. Kowa ya san sunan da za a ji, har an fara yi wa tsohuwa barka da takwara. Fada, limamin cocin, ya juya ga uban baftisma, mutumin da iyaye suka zaɓa ya tsaya wa jaririyar, ya ce ya faɗi suna.

"Froso!"

Stamatia ta dafe ƙirji. Sunan mahaifiyarta ne, wadda ta rasu tun tana 'yar firamare. Ta kalli Lefteris, ya girgiza kai, shi ma bai sani ba. Ashe tsohuwa ce ta je har gida ta gaya wa uban baftisma abin da zai faɗa.

"Mama, sunanki fa? Haƙƙinki ne!"

"Rufe min baki, kada ki sa ni kuka gaban mutane. Matar da ta haifa min ke ta fi ni cancanta."

Mai haƙuri shi ke dafa dutse ya sha romo. Duk daɗin suna, bai kai ran mai haihuwar ba, kuma gidan da ya gane haka shi Allah ke cikawa. Stamatia ta rungume 'yarta tana godiya ga Allah, ga likitarta, ga mijin da ya tsaya mata. Da ta zo kan tsohuwa sai ta kama hannun nan mai kaushin aikin zaitun ta sumbata.