Mamacin da Ya Gyara Hausarsa

Mai gadin tsoffin gidajen ma'aikata na Akokan, a gefen garin Arlit, shi ne ya kira komisariya, wato ofishin 'yan sanda, da hantsi. Ya ce ƙudaje sun yi baƙi a wata taga, a layin da ba kowa tun da aka rufe ramin haƙar uraniyom.

Sufeto Halidu ya tafi da likita. Gidajen iri ɗaya ne a jere, an ɓalle ƙofofin wasu, yashi ya shiga har tsakar ɗakuna. Ko akuya ba ta kiwo a wurin.

Gawar wani saurayi ce kwance a kan tabarma, an lulluɓe fuskar da rawaninsa. A gefe ga ɗan tebur, ga faifan sola da wayar caji a jone, amma babu salula, babu kwamfuta.

"Duka ne a ƙeya," in ji likita. "Kuma ba jiya ba ne, ba shekaranjiya ba."

Katin shaidar da ke aljihunsa ya ce Ismaghil, haifaffen Gugaram. Mai gadi ya san shi. Ba'abzine ne, a gidan ya tashi lokacin babansa na aiki a rami, kuma yakan dawo da kwamfutarsa ya yi aiki saboda shirun wurin.

"Wa ke zuwa wurinsa?"

"Wata mai sayar da maganin dabbobi a kasuwar Arlit ta zo kwanaki. Har bakin titi ina jin faɗanta."

"To, ka kama bakinka," in ji Halidu. "Ba ka ga komai ba sai na ce ka gani."

Kafin azahar an kawo matar. Maryama sunanta, 'yar Damagaram. Da Halidu ya gaya mata, ba ta yi kuka ba, kallonsa kawai ta yi.

"Sufeto, kun yi kuskure. Yau da safe ya yi mini magana."

Ta ciro salularta ta danna. Muryar namiji ta cika ofis, a hankali, da ɗan sanyi.

"Maryama, ki yi haƙuri. Ina Agadas. Tun randa kinka zo nake aikin, ki ƙara mini lokaci."

Halidu ya karɓi salular ya duba. Warin ɗakin nan bai ma bar rigarsa ba.

"Kin tabbata shi ne?"

"Ko a barci na san muryar nan."

"Me ya haɗa ku?"

Ta ce makiyayan Gugaram da Dannet kullum tambaya ɗaya suke mata in sun zo sayen magani: wace rijiya ce ba ta ƙafe ba? Sai ta yi tunanin manhajar waya, abin da yaran gari ke ce wa aplikasiyo, wadda za ta faɗa musu da baki, tun da yawancinsu ba sa karatu. Ta raɗa mata suna Anu, wato rijiya da Tamajak, yaren Abzinawa.

"Ke kika iya haɗa irin wannan?"

"Ni? Lambar sirrin wayata ma ƙanwata ke tuna mini. A bayan kwalin magani na zana yadda nake so, a danna nan ta ce kaza. Na kai wa Bashar mai siber, shagon kwamfutar nan na bakin tasha, shi ya haɗa ni da Ismaghil."

"Kun taɓa faɗa da shi?"

"Ko sau ɗaya."

"Mai gadi ya ce har titi ana jin ki."

Ta sunkuyar da kai. "Ce masa na yi ya nuna mini abina ko ƙanƙani ne, in taɓa da hannuna. Wanda bai san aikin nan ba, Sufeto, kamar ya ba da ɗinki ne a ɗaki mai duhu. Kullum sai a ce maka saura kaɗan."

Komisar, shugaban ofishin, bai ɓata lokaci ba. Ta yi faɗa da mamaci, ta yi ƙarya, ga ta da saƙon da ke nuna wai yana raye. Ya ce a tsare ta, in gari ya waye a kai ta gaban mai shari'a, daga nan gidan kaso. Dangin mamacin kuma an aika musu, suna hanya, da sun iso labari ya gama gari.

Halidu ya riƙe salular ya nufi bakin tasha.

Siber ɗin ɗaki ne mai kwamfutoci uku da injin kwafi, da labule a ƙuryarsa. Bashar mutum ne mai fara'a, da gashin baki a gyare.

"Ana cigiyar wani Ismaghil," in ji Halidu. "Danginsa ba su ji daga gare shi ba."

"Wanga yaro! Ai ya tahi Agadas, ranka shi daɗe. Tun da munka rabu ban sake jin shi ba."

"Kai mutumin Tawa ne?"

"Baki ya tona ni ke nan," ya yi dariya.

"Ka san aikin da yake wa Maryama?"

"Ni kwafi da hoton kati na sani. Haɗa su kawai na yi don Allah. Abu guda na gani, yana ta karanta wa na'ura magana kamar mai hadda. Wai koya mata muryarshi yake, don abin da anka rubuta duk ta faɗa."

Ya datse maganar nan take, kamar wanda ya taka ƙaya. Halidu bai nuna ya lura ba. A bayan tebur ya hango jakar tafiya a ɗaure.

Ya koma mota ya rufe gilashi, ya shiga tsoffin saƙonnin, na tun farkon aikin.

"Maryama, ka zo ka ga abin."

"Maryama, kai ne mai shi, kai za ka faɗa."

Ya sake saurara. Sannan ya dawo kan na yau: ki yi haƙuri, ki ƙara mini. Murya ɗaya ce, numfashi ɗaya, amma Hausar ba ɗaya ba ce.

Ya sa aka fito da ita daga ɗakin tsaro.

"Me ya sa yake ce miki kai?"

Murmushi ya kusa kuɓuce mata. "Haka Hausarsa take, mace da namiji duk kai ne. Na yi masa tsiya har na gaji. Ce masa nake, Ismaghil, gemu ka gani a fuskata?"

"Yaushe ya fara ce miki ke?"

"Bayan faɗan nan. Na ɗauka fushi ne ya gyara masa baki." Ta tsaya. Ta dubi salular da ke hannun Halidu. "Sufeto, to da wa nake magana duk kwanakin nan?"

"Ke kina cewa kinka zo?"

"Allah ya kiyaye. Kika zo. Ai wannan sai mutanen Tawa."

Halidu ya miƙa mata salular. "Yi masa saƙo, amma ni zan tura. Ce masa kin sami mota, yau za ki bi shi Agadas, ya faɗa miki unguwar da yake."

Ta yi, ya karɓi salular bai tura ba tukuna.

Bayan la'asar Halidu ya dawo bakin tasha da ɗan sanda ɗaya, suka tsaya a lungun da ke bayan siber. Rana ba ta yi sanyi ba tukuna, titi ba kowa. Ya tura saƙon.

Can cikin ɗakin wata salula ta yi ƙara ɗan gajere. Suka ji an ja ƙofar gaba an rufe. Sai ƙarar yatsu a kan madannai.

Sannan, ta ƙaramar tagar da ke saman kansu, Ismaghil ya yi magana.

"Maryama, kada ki zo."

Ɗan sandan ya kama hannun Halidu yana salati a ƙasa-ƙasa.

"Maryama, kada ki zo, gobe ina..." Muryar ta yanke. Yatsu suka sake bugawa. "Maryama, kada ki wahal da kanki. Ni zan taho."

Halidu ya zagaya ya tura ƙofar da kafaɗa, ya ɗaga labulen. Bashar na zaune a ƙasa, kwamfuta a cinyarsa, salular mamacin a gefe.

"Ashe Agadas bayan labule take," in ji Halidu.

"Ajiya ya ba ni, wallahi! Shi ya ce in riƙa amsa mata."

"Yaushe? Kafin a fasa masa ƙeya a Akokan ko bayan nan?"

Fara'ar ta zube daga fuskar Bashar.

"Ka ari muryarsa, amma da bakinka ka rubuta. Ismaghil bai taɓa ce wa mace ke ba, balle kinka. Kai ka gyara masa Hausa bayan ya mutu."

Bashar ya sauke kwamfutar daga cinyarsa. Da ya buɗe baki, da ƙyar ake jin sa.

Ya ce da sunansa aka yi wa manhajar rajista tun farko, saboda shi ke da asusun da ake sa irin waɗannan abubuwa a intanet, Maryama kuwa ba ta ma san akwai wannan maganar ba. Sai wata ƙungiya a Yamai ta ga gwajin, ta gayyaci mai ita. Shi Bashar ya amsa a matsayin mai ita. Ismaghil ya gano, ya ce sai an mayar da komai sunan Maryama, kuma zai gaya mata.

"Na bi shi can in roƙe shi. Na ce mace mai zane a kwali mi ta sani? Mu biyu mu tahi. Sai ya ce, shi ne ya yi tunanin, shi ne mai shi, wai Maryama ke nan. Ya juya mini baya yana cire kwamfutarshi daga caji." Ya kawar da kai. "Akwai ƙarfen taga a ƙasa."

"Saƙonnin fa?"

"Don ta yi ta jira har in shiga motar Yamai."

Ɗan sandan ya sa masa ankwa. Halidu ya kira komisar ya ce a buɗe wa matar, ga mai laifi nan tafe.

Mutane sun fara taruwa a bakin ƙofa lokacin da aka fito da Bashar, kansa a ƙasa. Halidu ya koma ya ɗauki kwamfutar. Yatsansa ya goga wani madanni, sai muryar ta tashi a ɗakin da ba kowa, a hankali, da ɗan sanyi.

"Ni zan taho."

Ya rufe murfin ya rungume ta a ƙirji, ya fita.