Katin Hotunan Bikin Asabar

Ranar Litinin da hantsi, Sufeto yana fama da fankar ofishinsa da ta ƙi juyawa, sai Kofur ya shigo masa da wata mata rataye da baƙar jaka.

"Ranka ya daɗe, sata aka yi mata. Mai ɗaukar hoto ce."

"Me aka ɗauke?"

Matar ta nuna farcen babban yatsanta. "Kati, yallaɓai. Wanda kyamara ke ajiye hotuna a ciki. Bai fi wannan girma ba."

Shekara ashirin da biyu Sufeto yana aikin nan. An kawo masa ƙarar mota, an kawo ta shanu, amma ba a taɓa kawo masa abin da kaza za ta haɗiye ba. Har dariya ta taso masa, sai ya ga idanunta sun kumbura, ya danne.

"Zauna. Me ke cikin katin?"

"Bikin Asabar gaba ɗaya, hoto dubu da ɗari huɗu. Ni ba ni da shago, ba ni da albashi. Yau biki, gobe taro, jibi ƙwallo, bakin mutane shi ne tallata. Uwar amarya ta ba ni zuwa Laraba. In aka ji na zubar da hotunan biki, ko sunan ɗan tsako ba wanda zai ƙara kira na. Kuma biki ba a maimaita shi, yallaɓai."

"Ba ki kwafe ba?"

Ta sunkuyar da kai. "Na koma gida babu wuta. Lahadi ƙarfe takwas na safe kuma ina filin ƙwallo. Na ɗauki babbar kyamara na fita bakin fili, na bar ta bikin a ɗakin masu hoto. Da na dawo, kyamara tana nan, kati babu."

Sufeto ya ajiye biro. Ɓarawon da zai bar kyamara mai kuɗin mota ya ɗauki kati, lallai ruwa ba ya tsami banza.

Ɗakin masu hoto a ƙarƙashin kujerun 'yan kallo yake: benci biyu, dogon teburi, da soket ɗaya da kowa ke rububi. Sufeto ya ce ta ajiye kyamarar daidai yadda ta same ta. Ta rufe gilashin kyamarar da murfinsa, ta naɗe igiyar rataya sau biyu a wuyansa, ta kwantar da ita a kan kyalle.

"Haka kika bar ta da za ki fita?"

"A'a. Ni a buɗe nake jefa ta. Murfin ma a ƙasan jaka yake."

"To, ɓarawon naki mai ladabi ne. Ya tona jaka ya nemo murfi, ya rufe, ya naɗe, ya shimfiɗa mata kyalle. Wa kika sani da irin wannan naɗin?"

"Ban sani ba."

Da saurin da ta amsa, da yadda ta kawar da kai, Sufeto ya san ta sani. Bai matsa mata ba, ya aika a kira mai gadi.

Mai gadin ya shigo yana rantsuwa tun ba a tambaye shi ba. "Wallahi ko nan da can ban matsa ba. Ƙuda ma sai ya nuna mini takarda."

"Madalla. An ce an ba da fenariti jiya. Ta shiga kuwa?"

"Ina! Yaron nan sama ya ɗaga ta, mai tsaron gida ko motsi bai..."

"Daga bakin ƙofar nan ana hango raga?" in ji Sufeto a hankali.

Kofur ya juya baya yana tari. Mai gadi ya share goshi ya ce minti biyar kacal ya leƙa, kuma kafin ya tafi ba wanda ke kusa sai dattijon nan, Baba Tsaya-Haka, a zaune kan benci.

"Wane ne shi?"

"Tsohon mai hoto ne. Kowa ya tsaya gabansa sai ya ce masa tsaya haka, shi ne sunan ya bi shi. Ya fi shekara uku bai zo fili ba. Jiya ya ce gaisuwa ya zo."

Sufeto ya waiwayi matar. Ta daɗe tana kallon igiyar kyamara kafin ta yi magana.

"Shi ya koya mini aiki. Shekara shida ina riƙe masa fitila. Yana wurin bikin ma, dangin ango suka ɗauke shi, ni kuma na amarya. Amma yallaɓai, Baba ba zai yi mini haka ba."

"Allah ya sa. Ba ni lambar dangin angon."

Yayan ango suka samu a shagonsa na kayan gini, yana ta yabon dattijo. Ai tsohon hannu daban ne, in ji shi, tun safe ya turo hoto goma na ɗanɗano, alhali ta wancan ɓangaren ko ɗaya ba ta fitar ba. Ya miƙa wa Sufeto waya da alfahari.

Sufeto ya bi su ɗaya bayan ɗaya, bai yi gaggawa ba. Hotuna ne tar, har zaren mayafin amarya ana ƙirgawa. A na bakwai ya tsaya. Ango da amarya ne suna yanka kek, bayansu akwai dogon madubin bango. Ya buɗa yatsu biyu ya jawo kusurwar madubin kusa, ya ƙura ido, sannan ya ce a tura masa wannan.

Shagon Baba Tsaya-Haka a bayan layin teloli yake. Labulen bango ya koɗe, hotunan da ke cikin gilashi duk na mutanen da yanzu sun yi jikoki ne. Kyamarori uku ne jere a kan kanta, kowacce a rufe, igiya naɗe sau biyu a wuya. Dattijon yana zaune dab da kwamfuta, hancinsa kamar zai taɓa ta.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yawwa, sannunku." Ya ɗago yana ƙanƙance ido, sai da matar ta gaishe shi ya gane ta. "A'a, 'yata, ke ce? Lafiya da 'yan sanda?"

"Katinta ya ɓata a fili jiya," in ji Sufeto. "An ce ka je."

"Na je gaisuwa. Ko ɗakin ban shiga ba."

"Mai gadi ya ce a kan benci ya bar ka."

"To, na ɗan zauna. Zama laifi ne?"

"Ko kusa. Wannan hoton, aikinka ne?" Ya miƙa masa wayar.

Baba ya kai ta kusa da fuska. "Nawa ne. Da hannuna na ɗauka."

"Shekara nawa kana sana'ar nan?"

"Arba'in da ɗaya."

"A cikinsu ka taɓa ɗaukar hoto daga gaba, kai kuma kana tsaye a gefe?"

Sufeto ya jawo kusurwar madubin. Ga dattijo nan da farar hula can gefen zaure, kyamara rataye a ƙirji, hannayensa biyu suna goge tabarau. A tsakiyar madubin kuma ga mace durƙushe, kyamara a ido.

Baba ya daɗe yana kallo. Daga baya ya ce, "Ban gan shi ba. Wallahi sau uku na duba hoton nan, ban ga kaina ba."

Ya jawo aljihun teburi, ya fito da katin naɗe cikin farar takarda, ya ajiye.

"Duba nawa, Sufeto." Ya danna kwamfuta. Hotuna suka fito jere, duk dishi-dishi, fuskoki kamar an shafa musu man shafawa. "Ɗari shida, babu na nunawa ko ɗaya. Idona ya tafi tun bara, na ɓoye. Gidan angon nan ni na ɗauki auren ubansu. In ce musu me? Na ce bari in ari goma ko ashirin a nata, in mayar kafin ta farga. Da na ga mai gadi ya dawo, sai na kasa mayar da katin."

"Aro ba a yin sa a bayan mai abu, Baba. Saura kwana biyu sunanta ya mutu a garin nan."

"Na sani." Muryarsa ta yi ƙasa. "Na sani."

Matar ta sa katin a kyamararta. Hotunan suna nan cif, dubu da ɗari huɗu. Ta sauke ajiyar zuciya, sai kuma hawaye suka zubo mata.

"Baba, da ka tambaye ni, ai da duka zan ba ka."

"Shi ya sa ban tambaya ba. Wanda ya koya miki riƙon kyamara ya zo yana roƙon hoto?"

Ta juya wurin Sufeto. "Yallaɓai, na janye ƙarata."

Tausayi ya kama Sufeto, bai kuma ji kunyar hakan ba. Amma an riga an rubuta a littafi. "A ofis ake janyewa. Zai zo ya ba da bayani, ke ma ki zo." Kofur ya taɓa ankwa, Sufeto ya girgiza masa kai.

Dattijon ya miƙe, ya kashe kwamfuta, ya lalubi hularsa. A bakin ƙofa ya tsaya.

"'Yata, jiya wuni na yi ina kallon aikinki. Hoton da uban amarya ya juya baya yana share ido, ni ko lokacin da nake gani ban taɓa kama irinsa ba. Kin wuce ni."

Akwai matakala uku daga shagon zuwa titi, ya tsaya yana neman ta farko da ƙafa. Kofur ya miƙo hannu, amma ta riga shi. Ita ta riƙe Baba har cikin mota.