Waƙar da Ango Ya Ƙi

Ranar da kotun ɗaukaka ƙara ta saki Haidar Tantabara, ranar ce Khalil ya fara ganin Hamdiyya, a cikin wata tsohuwar Golf mai lodi daga Jega zuwa Aliero.

Wa bai san Haidar ba? Mawaƙin biki ne, wanda in ba a sa waƙarsa ba amarya gani take an rage mata wani abu. Shekara biyu yana ɗaure bisa laifin keta haddin wata budurwa mai ƙunshi da aka kira aiki gidansa. Yau kuma rediyon motar ya ce manyan alƙalai sun rushe hukuncin, wai an yi kuskure wurin karɓar shaida.

Kai! Motar nan kamar ta tashi sama. Direba ya daki sitiyari yana kabbara. Wani mai babbar riga a gaba ya juyo ya ce, "Dama na san sharri na. Mata nawa ka bin shi? Mi za shi yi da wata mai lalle?"

Wata tsohuwa ta ce, "Ku ji tsoron Allah. Da ɗiyarku ta, haka za ku ce?"

Direba ya jona wayarsa, muryar Haidar ta cika motar.

Khalil manomin albasa ne, kuma kada a yi masa ƙarya, shi ma waƙoƙin nan cike suke a wayarsa. Har ya fara kaɗa ƙafa, sai ya lura da budurwar da ke gefensa cikin hijabi ruwan toka. Ba ta ko motsa ba, hawaye ne kawai ke sauka a bayan hannunta.

Ya ce, "Direba, don Allah kashe muna wanga, kaina ka ciwo."

Lafiyarsa lau, Allah ya yafe masa. Direba ya yi tsaki ya kashe.

Da aka iso ƙofar jami'a ta sauka. Shi ma, da saura tafiya a gabansa, sai ga shi a ƙasa. Ta dube shi da jajayen idanu ta ce, "Allah shi sawwaƙe ciwon kai."

"Amin. Ai har ya tahi."

Ta ɗan murmusa. Nan gwanin naku ya tsaya yana sosa ƙeya, rigarsa na tashin albasa, har ya samu ya roƙi lambar waya.

Da la'asar ya tura mata saƙo: "Salamu alaikum. Mai ciwon kan mota ne. Ban san abin da ya sa ki kuka ba, kuma ba zan tambaya ba. Allah ya yaye miki."

Sai washegari ta amsa: "Amin, na gode. Sunana Hamdiyya, daga Maiyama. Kai kuma na sa maka Sarkin Albasa, tunda hancina ya riga ya shaida."

Daga nan fa abu ya kankama. Kullum ta fito lacca sai ta tarar da babur ɗinsa ƙarƙashin dogon yaron bakin titi. Ya koya mata yadda ake gane albasar da za ta jure ajiya a rudu, wannan rumfar kara da ake jera ta a ciki har ta yi daraja. Ita kuma ta koya masa sa turare kafin ya zo. Yana ce mata Sanyin Ido, tana rufe fuska da gefen hijabi tana cewa shi dai ba ya jin kunya.

Wata biyu da haɗuwarsu, a gindin bishiyar nan, ta ce, "Khalil, mai ƙunshin da aka zaga ran nan cikin mota, yayata ta. Zinatu. Uwa ɗaya uba ɗaya."

Ya gyara zama, har ta ɗauka tashi zai yi.

Ta ce, "Tun ran da abin yaf faru ba ta sake riƙa lalle ba. Ko ƙohwar gida ba ta leƙawa. In kana ganin ba ka iyawa da mu, gaya min yanzu."

"Ni da nika shirin turo magabata?"

"Ba ka ma tambaye ni ko gaskiya ta faɗi ba."

"Na ga hawayenki kahin in san sunanki, Sanyin Ido. Mi zan tambaya kuma?"

A gabanta ya goge waƙoƙin Haidar daga wayarsa, ɗaya bayan ɗaya. Ranar ta tabbata tana sonsa, so na gaske.

Sai dai akwai Baffa. Alhaji Muntari, ƙanin mahaifin Khalil, shi ya riƙe shi tun rasuwar uban, kuma babban dillalin albasa ne a Aliero. Haidar ya taɓa yi masa waƙa, don haka motarsa ce a gaba ranar da aka je taryen mawaƙin daga gidan yari. Malam Ɗayyabu, mahaifin Hamdiyya, yana fara bincike ya ji wannan, ya ce atafau ba zai haɗa zuri'a da gidan ba.

Zinatu ce ta sa baki, daga bayan labule. Ta ce, "Baba, yaron bai yi min komi ba. Kada a hana Hamdiyya saboda ni."

Da ƙyar Malam Ɗayyabu ya sauko. Aka kai gaisuwa, aka sa rana bayan an cire albasa.

To, ka san manyan mutane da tunaninsu. Alhaji Muntari ya zauna ya ga cewa kotu ta gama magana, saura a wanke zukata. Kuma a ganinsa babu abin da ke sulhu irin waƙa. Bai shawarci kowa ba, ya aika wa Haidar sunan ango da amarya, ya ce a yi musu ta biki. Haidar kuwa me zai yi in ba murna ba? Kwana uku ya saki waƙar a intanet, har da rubutu a ƙasa: "Gidan da aka ce na ɓata, yau su suka kira ni."

Inna lillahi! Kafin azahar ta karaɗe Jega da Maiyama. Masu shayi suna sa ta, 'yan acaba suna sa ta. Masoyansa suka cika waya da sharhi: "Ga shi nan, har danginta sun yarda ƙarya ta yi." Masu tausayin Zinatu kuma suka juya kan iyayenta, wai an saye su.

Zinatu na tsakar gida tana tsince shinkafa lokacin da waƙar ta tsallako katanga daga gidan maƙwabta. Muryar da ta fi tsana a duniya, tana rera sunan ƙanwarta, tana ja tana lanƙwasa shi. Tiren ya suɓuce daga hannunta. Ta shiga ɗaki ta turo ƙofa.

Saƙon Hamdiyya ya iske Khalil a gona: "Ashe haka za ka yi mana? Yaya Zinatu ta ƙi cin abinci. Baba ya ce a zo a kwashe kayanku. Na so ka, Khalil, har yanzu ma ina sonka, amma ba zan shiga gidanka ta kan yayata ba. Kada ka kira ni."

Ya kira sau bakwai, waya a kashe. Bai ko wanke ƙafa ba ya hau babur sai kasuwar albasa, inda Alhaji ke zaune cikin jama'arsa ana ɗinke buhuna.

Ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya ce, "Baffa, waƙar ga ba ni son ta."

Alhaji ya yi dariya. "Yaro, gata niy yi ma. Kotu ta wanke mutum, kai wa za ka ce a'a?"

"Ni ban san shari'a ba, Baffa. Amma abin da nij ji, cewa anka yi an yi kuskure wurin shaida. Ba a ce Zinatu ta yi ƙarya ba. Yanzu kuma da sunana aka ce mata maƙaryaciya."

"To in ka ƙi waƙata, ka nemi wani wakilin ran ɗaurin aure. Rudun da kaka ajiya ciki ma nawa na."

Masu ɗinki suka tsaya suna kallo. Khalil ya dubi mutumin nan da shi ne ubansa tun yana ɗan shekara tara. Ya ce, "Allah shi huci zuciyarka, Baffa. Ban iyawa."

Daga nan ya koma gona, ya tsaya cikin kunyoyin albasa, ya ɗauki kansa a bidiyo. Ba gwanin magana ba ne, har ya yi in'ina sau biyu. Ya ce, "Ni na Khalil da anka ambata cikin waƙar Haidar. Ban roƙe ta ba, amaryata ba ta roƙe ta ba, iyayenta ba su san da ita ba. Babu wanda yac ce an yahe. Kuma ni na yarda da yayar amaryata. Don Allah wanda ka ƙaunata, kada shi sa waƙar ga da sunana."

Zagi kam ya sha shi. Aka ce mace ta shanye shi, aka ce butulu ne, wani har ya rantse ba zai ƙara sayen albasarsa ba. Amma akwai waɗanda suka yi shiru suka daina sa waƙar. Wata mata ta rubuta, "Allah ya ba 'ya'yanmu irinka."

Kwana huɗu yana kwashe albasarsa daga rudun Baffa zuwa na wani abokin mahaifinsa a Jiga Birni. Ran na biyar saƙo ya shigo: "Sarkin Albasa, Yaya Zinatu ta kalli bidiyonka sau uku. Ta ce ka zo. Ka yafe min zargin da na yi maka. Ka sa turare."

A zauren Malam Ɗayyabu aka zauna. Tsohon ya ce, "Ni na gama tawa. Maganar ga ta Zinatu ta."

Sai labule ya ɗaga. Ba daga baya ta yi magana ba wannan karon, fitowa ta yi, siririya, ta zauna gefen mahaifinta. Ta dubi Khalil ta ce, "Shekara ukku, ban da mutanen gidan ga, ba wanda yat tsaya gaban jama'a yac ce ya yarda da ni. Har lauyana cewa shikai takardu sun nuna." Ta share ido. "Baba, a ba shi."

Hamdiyya da ke laɓe a bayan ƙofa ta fashe da kuka, kukan daɗi.

Ran Asabar aka ɗaura aure a Maiyama. Alhaji Muntari bai zo ba, kuma abin ya yi wa Khalil ciwo, ba a ɓoye ba. Abokin mahaifinsa na Jiga Birni ne ya karɓa masa aure. Babu lasifika a bikin, babu mawaƙi, sai tafin 'yan mata da guɗar tsofaffi.

Da yamma aka kai amarya Aliero. Bayan mata sun watse, Khalil ya zauna gabanta yana ta murmushi kamar wanda aka yi wa kyautar gona. Ya ce, "Sanyin Ido, ko gaisawa ba mu yi?"

Ta miƙo hannuwanta daga cikin mayafi. Zane ne baƙi da ja, siriri, ya taso daga yatsu har gwiwar hannu, bai taɓa ganin irinsa ba.

"Wa yay yi miki wanga?"

"Yaya Zinatu," in ji ta. "Da kanta tat tahi kasuwa tas sawo lallen."

Khalil ya riƙe hannuwan nan biyu yana ta kallon zanen. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya kuma sanyaya zuciyar wadda ta yi ƙunshin.