Rabi da Silin Gashi

"Toka... Toka, dube ni mana!"

Kyanwar ba ta dube ta ba. Ta fito daga ƙarƙashin kujerar Umma tana tangaɗi, ta yi taku uku, ƙafafun baya suka ƙi bin ta, sai ta kife a kan tayil.

Auta ta watsar da littattafan 'yan ajinta da take dubawa, ta zube a gwiwa. Jikin kyanwar sanyi ƙalau, idanun a buɗe amma ba sa kallon komai. Ta fizgo na'urar gwajin sukari, ta soki gefen kunnen, sau biyu tana kuskurewa. Lambar da ta fito ko rabin wadda likitar dabbobi ta ce a ji tsoro ba ta kai ba.

"Abba, zuma! Miƙo min zuma!"

Abba ya fito daga kicin da kwalbar, takalminsa wari guda. Mutumin da bai taɓa kiran kyanwar nan da sunanta ba, sai dai "wannan abar", yau shi ne ya durƙusa yana riƙe mata kai, Auta tana shafa zumar a dasashinta.

"Za ta tashi?" ya tambaya.

Auta ta ƙara lakato zumar ta ci gaba da shafawa.

Toka ta Umma ce. Shekara uku ke nan da rasuwar Umma, kuma cikin duk abin da ta bari a gidan, Toka kaɗai ke numfashi. Wata huɗu da suka wuce kyanwar ta fara shan ruwa ba ƙaƙƙautawa tana ramewa. Likita ta ce ciwon sukari ne, sai allurar insulin, bakwai na safe da bakwai na yamma. Aka fara da layi biyu na sirinji, aka dawo ɗaya da rabi, daga nan Likita ta duba takardar gwaji ta ce ɗaya da kwata.

To fa. Sirinjin yana da layin ɗaya, yana da layin rabi, amma wanda ya ƙera shi bai san da zaman kwata ba.

Abin da ya kai Auta shagon mai gyaran agogo ke nan, tsallaken titinsu, aron gilashin nan da yake maƙalawa a ido. Mai Agogo ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce ba ya ba da aron idonsa, amma zai kawo shi da kansa. Bakwai saura minti biyu ya yi sallama. Ya ɗaga sirinjin saitin taga, ya ɗauke numfashi, ya ja, ya mayar, ya ɗan ƙyasta shi da farce har kumfar iska ta haura.

"Ga shi. Ɗaya da silin gashi."

Washegari ya zo mata da wani sirinjin da ya ja ruwan tawada a ciki daidai wannan ma'aunin, ya ce ta riƙa jera shi da na allurar tana gwadawa. Ya ba ta abin da zai sa ta daina buƙatarsa, amma bai daina zuwa ba, ita ma ba ta ce ya daina ba. Tun ana hirar kyanwa, aka koma hirar da ko Toka ta san ba tata ba ce.

Sai dai mutumin akwai rowar magana. Wata rana da yamma, yana goge gilashinsa, ta yi ƙarfin hali.

"Wai nawa kake sona?"

"Ban gama aunawa ba."

"Au, aunawa ma kake yi? Samarin duniya suna ta cewa rabin raina, hasken idona, ni kuma an ɗora ni a sikeli?"

"Ba na son in faɗi lambar da ba daidai ba, Auta."

Kwana biyu tana fushi da shi. Ta yi fushin, ta gaji, ta huce ita kaɗai, shi ko bai ma makara da minti ɗaya ba.

Ana haka Gwaggo, yayar Abba, ta shigo maganar. Gwaggo tana da ɗa mai shagon magani da mota, wanda ya fi son a kira shi Dokta, ko da yake bai taɓa duba ko da ciwon kai ba. Tun Auta tana sakandare Gwaggo ta yi masa kamunta a zuci.

"Ƙato safe da yamma a cikin gida saboda mage?" ta ce wa Abba. "Unguwa duk ta ɗauka. Kai kaɗai ne ba ka ji ba."

Ba wanda ya ɗauka sai ita da ɗanta, amma Abba mutum ne mai gudun bakin mutane. Ranar Litinin ya tare Mai Agogo a ƙofa ya ce an gode, daga yau Auta za ta riƙa yi da kanta. Mai Agogo ya rusuna ya koma. Kwana huɗu Auta tana shafe rabin awa a gaban taga, sirinjin tawada a hagu, na allura a dama, gumi yana bin bayanta. Jiya kuma Dokta ya shigo da kwali guda yana murmushi.

"Ƙanwata, ga waɗanda suka fi. Layukansu ɓaro-ɓaro, ko makaho zai gani. Kin ga ba sauran neman wani mai laluben hanjin agogo."

Yau da safe da su ta yi. Minti biyar ta gama, har tana jin daɗi.

Yanzu ga Toka kwance, zuma tana dalala a gefen bakinta. Auta ta kira Dokta, don shi ke da mota.

"Yaya Dokta, don Allah ka zo, Toka ce, sai an kai ta asibiti..."

"Shago cike yake, ƙanwata. Kyanwa ce fa. Ki ba ta madara, anjima zan leƙo."

Ta kashe wayar. Ba ta nemi izinin kowa ba, ba ta ma nemi takalmi ba, ta tsallaka titi. Mai Agogo ya ɗago, gilashin a idonsa, agogon wani a buɗe a gabansa. Fuskarta kawai ya kalla. Ya bar agogon yadda yake, ya ja ƙofar shago, ya tayar da babur.

A bakin ƙofarsu ya tsaya, don bai manta an hana shi shiga ba.

"Me kake jira?" Abba ya daka masa tsawa daga ciki. "Shigo ka ɗauke ta mana."

Ya naɗe Toka a tawul ya miƙa wa Auta. Kafin ya fita ya dubi teburin da ke gindin taga, ya ɗauki abu biyu ya sa a aljihu.

A asibitin dabbobi aka shige da Toka ciki, aka ɗaura mata ruwa. Auta ta zauna, ta tashi, ta je ƙofa, ta dawo. Bencin ya ƙi zaunuwa. Da Likita ta leƙo, tambaya ta fara yi.

"Nawa kika yi mata da safe?"

"Ɗaya da silin gashi, kamar kullum. Wallahi ban ƙara ba."

"Da wane sirinji?"

Mai Agogo ya fito da abin da ya ɗauko, ya jera su a kan tebur: nasa na tawada mai murfi ruwan lemo, da sabon mai jan murfi. Likita ta dafe goshi.

"Wa ya ba ki wannan? Na wani insulin ne daban, wanda bai kai naki ƙarfi ba. Layi ɗaya a nan ya ninka naki sau biyu da rabi."

Auta ta zube a kan benci.

"Ni na kashe ta... Da hannuna na kashe kyanwar Umma..."

"Ba ta mutu ba," in ji Mai Agogo. Ya tsuguna a gabanta, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Dube ni, Auta. Ke kika gan ta, ke kika gwada ta, ke kika ba ta zuma. Silin gashinki daidai yake. Layin ne aka canza miki."

"Da kana nan da haka ba ta faru ba."

"Ina nan. Kullum bakwai saura biyu ina tsaye a ƙofar shago ina kallon tagarku. Sai na ga kin sauke labule nake komawa."

Ta dube shi ta cikin hawaye. Haushinsa da sonsa suka taso mata a tare, ta rasa wanda za ta fara ji.

Sai bayan la'asar Toka ta ɗaga kai ta yi wani ɗan kuka siriri. Likita ta ce a bar ta zuwa magariba sannan a zo a ɗauke ta, yau ba allura, gobe kuma a fara da rabi da silin gashi a riƙa gwada ta.

Da Auta ta koma gida ta tarar da motar Dokta a ƙofa. Tun daga baranda take jin muryarsa.

"Kawu, ai dole. Mai gyaran agogo da tawada su ne za su auna magani? Na san za a rina."

Ta shiga, ta gaida Gwaggo kamar yadda ta saba, sannan ta ajiye sirinji biyun a gaban Abba ta maimaita abin da Likita ta ce, kalma bayan kalma.

Abba ya ɗauki mai jan murfin ya juya shi.

"Ka san bambancinsu?"

"Kawu, sirinji ai sirinji ne..."

"Ka sani ko ba ka sani ba?"

Dokta ya shiga sosa ƙeya.

"Yanzu a kan mage za ka tozarta min ɗa?" Gwaggo ta ce. "Mage fa. Gobe in sa a kawo maka biyu."

"Yaya," Abba ya ce a hankali, "kullum in yarinyar nan ta tafi makaranta, da wa kike tsammani nake hira a gidan nan? Kan kujerar can take hawa, in ba ta labarin da dā uwar Auta nake ba wa. Da ta mutu yau, da na sake yin wani zaman makokin, kuma ba wanda zai zo min gaisuwa."

Auta ba ta taɓa sani ba. Ta juya ta shige ɗaki kafin kukan ya ƙwace mata.

Washegari tun shida da rabi Auta take gaban taga. Toka ta ci abincinta, ta kwanta a kujerar Umma, ƙafarta ta gaba ɗaure da bandeji. Auta ta ja, ta mayar, ta sake ja. Rabi da silin gashi ko ɗigo biyu bai cika ba, kuma duk lokacin da ta ɗaga sirinjin sai ta ga Toka tana kifewa a kan tayil. Abba yana ta safa da marwa a bayanta, yana duba agogon bango.

"Bakwai saura biyar. Ina yaron nan ne?"

"Kai ka hana shi, Abba."

"Jiya ba na ce ya shigo ba?"

"Na jiya ne. Ya ce bai ji an ɗage dokar ba."

Abba ya yi tsaki, ya zura silifas. Ta taga ta hango shi yana tsallaka titi, yana ɗaga wa motoci hannu. Bakwai saura biyu suka shigo tare, Abba yana haki.

"Ni dai na tsufa da tsallaka titi," ya ce. "Ka turo manyanka mu yi magana, kowa ya huta."

Ya faɗa kujera kusa da Toka, ya ɗauki jarida a juye.

Auta ta miƙa wa Mai Agogo sirinjin. Bai karɓa ba. Ya ciro gilashinsa, wanda ya ce ba ya ba da aro, ya ɗora mata a tafin hannu.

"Ke za ki ja. Ina nan."

Ta maƙala shi a ido. Layukan suka taso manya a gabanta.

"Ɗauke numfashi... Ja kaɗan... Ya yi yawa, mayar... Tsaya nan."

Ta tsaya. Ta kama fatar wuyan Toka, ta soka, ta danna. Kyanwar ko motsi ba ta yi ba, sai hamma. Auta ta sauke wani dogon numfashi da ta riƙe tun jiya.

"Auta," ya ce, yadda Abba ba zai ji ba. "Na gama aunawa."

Ta ɗago ta dube shi.

"Nawa ka samu?"

"Na gwada rabin raina da kika ce ana faɗa. Bai yi daidai ba. Kin wuce layin rabi."

"Da nawa?"

"Da silin gashi."

Da wata huɗu da suka wuce ne, da ta jefe shi da gilashin. Yau kuwa ta san abin da silin gashi yake riƙewa. Ta sunkuyar da kai tana dariya, hawaye yana ɗiga a kan tebur.

"Masoyina mai rowa..." ta ce.

Daga bayan jarida Abba ya yi gyaran murya.

"Toka," ya ce, yana shafa kan kyanwar, "kin dai ji da kunnenki. Ranar da na je ba wa uwar Auta labari, ke ce shaida."