Tulun Tagulla da Ƙudan Zumansa

Ranar Juma'a, ana saukowa daga masallaci, Mamadu ɗan kwangila ya faɗo komisariyar Magariya, ofishin 'yan sanda, yana haki, ya naɗe rawani har hanci, ga baƙin tabarau a ido.

"Madam Sufeto, an sace tulun."

Sufeto Zalika ta ajiye cokalin dambunta. Ba ta tambayi wane tulu ba. A garin nan in an ce tulun, ai ɗaya ne.

Shekara arba'in da ɗoriya ke nan da wani magini mai suna Tsoho ya gina abin a tsakiyar shatale-tale. Damman gero uku na siminti sun jingina da juna, ya sassaƙa su zangarniya-zangarniya har tsuntsaye kan sauka su sha kunya. A bisansu tulun tagulla ne a karkace, yana zuba ruwa a ƙwarya, ƙwaryar ta zuba wa ta ƙasanta, har ya gangara kwami. Tagullar kuwa ba sayo ta aka yi ba. Matan gari ne suka tuɓe mundaye da zobba, suka kawo tsoffin tasoshi, maƙera suka narke. Kakar Zalika ta ba da munduwar aurenta, kuma har ta koma ga Allah, in ta zo wucewa sai ta ɗaga kai ta ce, "Ina wuni, munduwata." Ita kanta Zalika ta sha bulala ba sau ɗaya ba saboda wanka a kwamin da rigar lakwal, wato rigar makaranta.

Sai tiyo ya fashe wajen aikin hanya, ruwa ya ɗauke shekara ashirin da biyu, ƙudan zuma suka tare a cikin tulun. Bana ne 'yan gari suka kafa kwamiti, aka kawo sabon tiyo da famfo mai aiki da hasken rana, aka ba Mamadu aikin, aka kira Tsoho ya gyara zangarniyoyin da suka ɓantale. Ranar Litinin za a saki ruwa.

"Wa kake zargi?" in ji Zalika.

"Wa kuwa in ba Tsoho ba? An gan shi ya shiga wurin aikin da buhu kafin salla. Kuma kowa ya sha jin shi yana cewa gara ya mutu da a taɓa masa tulu. Kwamiti ma ya kore shi yanzun nan. In ba a samu ba kafin Litinin, za a kankare sunansa daga allon da ke jikin ginin, a kai shi gaban alƙali."

"Mai shekara tamanin ne ya sauke tulun da sai ƙarti biyu?"

"Yana da jikoki."

"Me ya sami fuskarka?"

"Haƙori," ya ce, ya ƙara jan rawanin sama.

Ran Zalika ya ɓaci. Mutumin da ya gina abin da hannunsa, a ce ya ƙare da sunan ɓarawonsa? Ta ɗauki hularta ta kira Kolo, ɗan sandan da ke aiki da ita, suka hau moto.

An kewaye wurin aikin da langa-langa, shi ya sa ba wanda ya ga komai. Damman geron na nan tsaye, samansu wayam. A ƙasa ga guntun taya da aka ƙone, warinsa bai gushe ba, ga matattun ƙudan zuma birjik. Can a inuwar kwamin kuma ta ga wani tsohon kasko cike da ruwa, an jera tsakuwa a ciki, ƙudan zuma masu rai suna sauka suna sha.

"Shef, ɓarawo ne ya tsaya shayar da ƙwari?" in ji Kolo.

"Shi nake so in sani."

Suka iske Tsoho a zaurensa, ya haɗa kai da gwiwa.

"Baba, ka je wurin aiki yau da rana?"

"Ban je ba, 'yata. Masallaci na tafi."

Zalika ta dubi buhun da ke rataye a bayan ƙyaure. Gindinsa a jiƙe yake, wuyan gora ya leƙo.

"Baba, ni jikar Ɗela mai munduwa ce. Kai ka taɓa tsamo ni daga kwamin nan da kunne. Kar ka yi mini haka."

Tsohon ya ɗaga ido ya ƙare mata kallo, sai dariya ta ƙwace masa, hawaye na biye da ita.

"Ashe ke ce mai rigar lakwal. To, na je. Kullum ina zuwa. Tun ranar da ruwa ya ɗauke nake kai wa ƙudan nan ruwa a kasko da tsakar rana. Na gina wa gari wurin ruwa ya bushe a idona, iyakar ruwan da zan iya kai masa ke nan. Kunya nake ji a sani, a ce Tsoho ya zautu."

"Da ka zuba ruwan, tulun yana nan?"

"Yana nan. Na gaishe shi na wuce masallaci."

"Wa aka ce zai kwashe zuman kafin a saki ruwa?"

"Zubairu na Guci. Gobe da safe zai zo."

Da safiyar Asabar Zubairu mai zuma ya iso a amalankensa, da amya sabuwa a baya. Zalika ta tare shi a bakin langa-langa.

"Ka taɓa hawa tulun nan?"

"Ni? Ko kusa. Yau ne farkon zuwana."

"To, an sace shi jiya."

"Innalillahi. Da saƙar zuma bakwai a ciki? Ta gefen hagu ma ba ta nuna ba tukuna."

Ya rufe baki, amma maganar ta riga ta fita. Kolo ya juya baya, kafaɗunsa na rawa don dariya.

"Ta yaya ka ƙirga saƙar tulun da ba ka taɓa hawa ba?"

Zubairu ya sosa ƙeya. "To, Madam, sau biyu a shekara nakan ɗan ɗebi kaɗan. Ai zubewa take yi a banza. Amma tulu, wallahi ban ɗauka ba."

Ta kai shi ta nuna masa guntun tayar. Nan mutumin ya manta da tsoro, ya hau faɗa.

"Wane mara imani ne wannan? Da taya? Mai zuma da busasshen kashin shanu yake hayaƙi, su lafa ba su mutu ba. Hayaƙin taya haukata su yake yi. Wanda ya yi wannan bai san zuma ba, kuma na rantse sun ba shi kashi. Duk inda yake, fuskarsa ta kai ƙwarya."

Zalika ta dubi Kolo, Kolo ya dube ta.

"Kumburin fuska ba shaida ba ne," ta ce. "Tulun nake so."

Zubairu ya tsuguna a gaban kaskon, ya daɗe yana kallo.

"Madam, waɗannan ba ɓatattu ba ne. Dubi, suna sha suna tashi, duk gefe ɗaya suke yi. Uwarsu na nan da rai a cikin tulun, kuma tulun bai bar gari ba. Sun saba da ruwan tsohon, nan suke zuwa ɗiba su kai gida. A samo mini garin gero."

Aka kawo. Ya riƙa barbaɗa wa masu shan ruwan a hankali, suna tashi fari fat. Haka aka yi ta bin su: Zubairu a gaba, kai a sama, Sufeto da Kolo a baya, Tsoho na biye da sandarsa. In sun ɓace, a ajiye kaskon a jira wasu. Kafin a wuce kasuwa jama'a sun cika titi, masu tuyar ƙosai sun bar kaskonsu, masu kabu-kabu sun kashe moto, kowa kansa a sama yana nuna fararen ƙudajen yana dariya. Wata tsohuwa ta ce ita dai tunda take ba ta taɓa ganin 'yan sanda na bin sawu a sararin sama ba.

Bayan tasha ƙudan suka sauka, suna shigewa ta wata kafa a saman ƙofar wani magaza, ɗakin ajiyar kaya. Magazan Mamadu ne.

Mamadu ya fito naɗe da rawaninsa, yana ƙoƙarin fara'a.

"Madam Sufeto, kin zo a daidai. Tun jiya da la'asar na sa mai walda ya haɗa wani tulun na ƙarfe, don kar a ji kunya ranar Litinin. Ga shi nan."

Ya nuna wani tulu a bakin ƙofa, an shafe shi da fenti ruwan tagulla. Zalika ta shafa shi, yatsanta ya fito da ƙura. Ta leƙa ciki, ta sa hannu ta ɓamɓaro wani ɗan curin laka busasshe.

"Wannan gidan zanzaro ne, Malam Mamadu. Har 'ya'yan sun fashe sun fita. Tun jiya da la'asar?"

Mamadu ya ƙara jan rawanin sama.

"Ka haɗa madadin tulun tun ba a sace shi ba. Cire rawanin."

"Haƙorin..."

"Cire."

Ya warware. Leɓensa na sama ya kusa taɓa hanci, ido ɗaya ya rufe ruf, kunnuwa sun yi suntum. Jama'a suka kwashe da dariya har da masu riƙe ciki.

"Haƙori har a kunne, Shef," in ji Kolo.

Zubairu ya kunna kashin shanunsa ya shiga gaba. Bayan buhunan siminti, ƙarƙashin tampol, ga tulun nan kwance yana ta ƙugi.

Mamadu ya zube a ƙasa.

"Ni ne. Ni da direbana muka sauke shi da sarƙa lokacin da kowa ke masallaci. Wani dillali a ƙetaren iyaka ya ce yana son tsohuwar tagulla. Na ɗauka in na ɗora na ƙarfen can sama ba mai ganewa. Jiya aka so a wuce da shi, direban ya ce ko za a kashe shi ba zai sake kusantar ƙudan nan ba."

"Shi kuma Baba Tsoho fa?"

"Na san yana shiga kullum da buhu. Na ga zai yi sauƙin ɗora wa laifi."

Dariyar jama'a ta tsaya cak. Tsoho ya matso, bai ko kalli Mamadu ba. Ya durƙusa ya shafa wuyan tulun, ƙudan na yawo a bayan hannunsa ba wanda ya harbe shi.

"Mundayen iyayenmu ne za ka sayar, Mamadu," ya ce. "Da ta kakarka a ciki."

Kolo ya sa wa Mamadu ankwa ya tasa shi gaba zuwa komisariya, rawanin na jan ƙasa a bayansa.

Ranar Litinin da hantsi gari ya taru a shatale-tale. Zubairu ya riga ya mayar da ƙudan cikin amya, ya rataye ta a tsamiyar da ke gefen hanya. 'Yan kwamiti, kunya ta ishe su, suka ce ba mai buɗe famfon sai Tsoho. Ya murɗa da hannu biyu. Aka ji tiyo ya yi tari, ya sake yi, sai ruwa ya ɓullo daga bakin tulun, ya faɗa ƙwarya ta farko, ya gangara ta biyu, ya zubo kwami. Mata suka rangaɗa guɗa. Zalika na tsaye cikin kakinta, farin ciki ya cika ta har ta kasa ɓoyewa. Ta ɗaga kai ta ce a hankali, "Ina kwana, munduwar Kaka."

Tsoho ya ciro tsohon kaskon daga buhunsa ya miƙa mata.

"Riƙe, 'yata. Ki kai komisariya ki ajiye cikin kayan shaida. Ni na gama ɗaukar ruwa."

Ya nuna mata bakin ƙwarya ta biyu. Ƙudan zuma uku sun riga sun sauka suna sha.