Kusurwar Hagu

Malama na tsakiyar ƙirga wa ɗalibanta taku, ɗaya, biyu, uku, juya, sai ga wani kai ya ɓullo ta 'yar ƙofar da ke gindin dandamali, buɗu-buɗu da ƙura da saƙar gizo. 'Yan matan layin gaba suka watse. Ita ko gezau, ta riƙe ƙugu tana kallonsa har ya gama jawo dogayen ƙafafunsa waje, tocila a hannu ɗaya, 'yar guduma a ɗayan.

"Bawan Allah, mutum ne ko aljani?"

"Injiniya ne," ya ce yana kaɗe riga. "Daga sashen gine-gine na jami'a aka turo ni in duba zauren nan kafin wasanku. Na yi sallama, ganga ce ta cinye ta."

Ta so ta ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata. Shi bai yi dariyar ba. Ya dube ta, ya dubi katakon da take tsaye a kai, ya sake dubanta, irin kallon da likita ke yi wa mutum kafin ya ce masa ya zauna tukuna.

Zauren rawar nan ya girmi Malama nesa ba kusa ba. Shekara hamsin da suka wuce mahaifinta, wanda kowa ke kira Baba, ya buɗe ajin rawa da ɗalibai bakwai. Mutanen gari suka ce shashanci ne, malaman jami'a suka ce ɓata lokaci ne. Da ajin ya ƙi mutuwa aka ba shi wani tsohon sito, shi da ɗalibansa suka kafa dandamalin katako da hannunsu. A kansa aka yi wasan farko, 'yan kallo goma sha biyu har da mai gadi. A kansa matan gari suka fara zuwa ajin Asabar a ɓoye, daga baya suka riƙa jawo 'ya'yansu.

Yanzu gwiwa ta zaunar da Baba. Autarsa ce ke koyarwa, shi yana kan kujera da sandarsa yana nuna wa kowa wurin tsayuwarsa. Saura wata biyu a yi wasan cika shekara hamsin, masu rawa arba'in a lokaci ɗaya.

Aikin kwana uku aka ba Injiniya, ya mai da shi na sati uku. Kuma wai duk awonsa ba ya tashi sai lokacin ajin yamma, kai ka ce da safe katanga ba ta awuwa. Ita ta sa masa Mai Guduma. Shi ya sa mata Ɗaya-Biyu, don ko tafiya take bakinta na ƙirga.

Ya rubuto mata a waya: "Ɗaya-Biyu, yau sau uku ina auna bango ɗaya, kowanne da lissafinsa daban. Laifinki ne."

Ta amsa: "Mai Guduma, bango ba ya motsi. Ka je a duba maka ido."

"An duba. An ce ke ce a ciki."

Ta kife wayar tana murmushi ita kaɗai. Ta kamu, kuma ta san ta kamu.

Wata ranar Laraba da azahar, babu kowa a zauren, ya ce ta zo ta ga wani abu. A nan ta girma, amma ba ta taɓa shiga ƙarƙashin dandamalin ba. Ta bi shi a durƙushe. Ya haska mata ginshiƙan katako, sai ga sunaye, wasu da fenti, wasu an kankare da ƙusa, kowanne da shekararsa. Duk ajin da ya gama sai ya lallaɓo ya bar sunansa. Ta riƙa shafawa tana karantawa, idonta ya cika.

"Ban kawo ki don wannan kaɗai ba," ya ce a hankali.

Ya ja ta can ciki ta hagu. Ya ɗora babban yatsansa a kan wani ginshiƙi mai kauri ya danna. Yatsan ya shige kamar cikin burodi, gari ya zubo masa a hannu.

"Gara ce. Ta bar fatar waje, ta cinye ciki. In mutum arba'in suka buga ƙafa tare a kan wannan, ban san me zai riƙe su ba." Ya juyo ya dube ta. "Ina son ki, Ɗaya-Biyu. Aure nake so. Kuma duk sanda na ji gangar nan ta tashi kina sama, hankalina tashi yake yi."

Farin ciki da tsoro suka haɗe mata wuri ɗaya, ta rasa wanda za ta fara ji.

Injiniya ya je ya gaida Baba a gida, Baba ya karɓe shi ba yabo ba fallasa. Kwana huɗu bayan nan rahotonsa ya fito: a rufe zauren, kada a yi wasa a kan dandamalin.

Baba ya karanta shafin farko kawai ya ajiye.

"Auta, yaron nan da ya zo gidana yana sunkuyar da kai, ashe wuƙa ya ɓoye a riga."

"Baba, na gani da idona. Gara ta..."

"Ni na kafa katakon nan kafin ubansa ma ya san ciwon kansa. Muddin ina numfashi, wanda ya rufe min zaure ba zai zama surukina ba. Magana ta ƙare."

Akwai Makaɗi, wanda ya tashi a hannun Baba, ya shekara goma yana buga wa Malama ganga yana jiran ranar da za ta waiwayo. Shi ya tare ta a bakin ƙofa da wata takarda. Ba ƙarya ya kawo ba, abin haushin ke nan. Tabbas akwai masu neman a mai da zauren ɗakin jarrabawa, ga shi a rubuce da hatimi.

"Dalili kawai suke nema," in ji Makaɗi. "Suka turo mai dogon wuya, ya ga 'yar mai gida, ya ce ga hanya mai sauƙi. Ke ba ki yi mamakin aikin kwana uku ya koma sati uku ba?"

Maganar ta shige ta. Ta rubuta wa Injiniya: "Ashe mabuɗin zaure kake nema, ba ni ba. Ka samu. Kada ka ƙara kirana."

Ya kira sau tara, ba ta ɗauka ba.

Baba kuwa ba a banza ya shekara hamsin yana koyarwa ba. Rabin manyan jami'ar sun taɓa cire takalmi a gabansa. Ya ɗauki sandarsa ya bi ofis-ofis, aka yanke cewa a yi wasan, a duba rahoton bayan biki. Aka kuma ce wa Injiniya kada a ƙara ganinsa a zauren.

Atisaye ya ci gaba. Amma yanzu Malama tana jin abin da da ba ta kula da shi ba. In an buga ƙafa tare, bayan ganga ta yi shiru, akwai wani ƙaramin kuka da katakon ke yi daga baya. Da safe masu shara kan tarar da garin katako a gindin dandamalin, su share, washegari ya dawo. Injiniya kuma kullum yana tsallaken titi a lokacin ajin yamma, a jingine da babur ɗinsa, ya rame, ba ya ko ɗaga hannu.

Saura kwana goma ya turo mata hoto ɗaya da saƙo: "Ba na roƙon ki yafe min ko ki yarda da ni. Wannan zanen dandamalin ne, jan launi shi ne inda ya ruɓe. Ki tsane ni har abada in kin so, amma ki tsane ni kina raye."

Ta karanta saƙon, ta ƙi buɗe hoton.

Ita aka ɗora wa haɗa ɗan littafin tarihin ajin da za a raba wa baƙi, don haka ta kwaso littattafan Baba daga kabad. Kowace shekara da shafinta: ya zana dandamali, ya ɗiga ɗigo a wurin tsayuwar kowane mai rawa. Shekara arba'in da shida ɗigon nan sun cika fili daga bango zuwa bango. Shekara huɗu da suka wuce, kusurwar hagu ta baya ta zama wayam. Shekarar da ta biyo, filin ya ƙaru. Bara duk rawar ta karkata dama, ita kuma a lokacin ta ɗauka sabon salo ne, har yabonsa ta yi.

Ta buɗe hoton Injiniya, ta ajiye wayar kusa da shafin bara. Inda ya shafa ja, nan ne daidai inda Baba ya bari babu kowa.

Ta buɗe shafin bana. Mutum arba'in ba sa shiga dama kaɗai. Talatin da tara sun cunkushe, ɗigo ɗaya tak yana kusurwar hagu. A ƙarƙashinsa an rubuta Auta.

Washegari da sassafe ta tarar da shi a zauren shi kaɗai a kan kujerarsa. Ta ajiye masa littafin a cinya a buɗe.

"Baba, tun yaushe ka sani?"

Ya daɗe yana kallon shafin.

"Ƙafata ce ta faɗa min. Katako mai lafiya, in ka taka shi yana mayar maka da ƙafarka. Wancan ya daina mayarwa."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"In na faɗa su rufe. In suka rufe ba za su buɗe ba, na san su. Na ce a kai shekara hamsin kawai, sai in yi magana."

"Ni fa, Baba?"

"Ba zan iya sa 'yar wani a wurin ba." Muryarsa ta yi ƙasa. "Kuma kin fi kowa rashin nauyi. Na ƙirga, minti uku ne kawai."

"To bari in yi maka minti ukun yanzu, tunda babu kowa."

Ta cire takalmi ta hau. Ta nufi hagu tana ƙirgawa a fili, ɗaya, biyu, uku. A taku na bakwai katakon ya yi wani dogon kuka ya lotsa ƙarƙashin diddigenta.

"Auta, tsaya!"

Tsohon da ya shekara uku ba ya tashi sai da sanda, ga shi tsaye a bakin dandamali ya miƙo hannu biyu, sandar na ƙasa.

"Dawo. Don Allah dawo a hankali, ta inda kika bi."

Ta dawo. Ya riƙe hannunta gam yana kuka kamar yaro, yana cewa, "Me na yi niyyar yi? Ya Allah, me na yi niyyar yi?" Ita ma kukan take, na haushi da na tausayi, don ba ta taɓa ganinsa ƙarami haka ba.

Da ta samu numfashi ta ɗauko waya: "Mai Guduma, na zalunce ka. Ka zo zaure yanzu. Ka taho da kwaɗon ƙofa."

Ko minti goma bai yi ba. Ya shigo yana haki, idonsa ya fara sauka a kan ƙafafunta, ya ga a kan siminti suke, sannan ya sauke ajiyar zuciya.

"Ka yafe min," ta ce.

"Ɗaya-Biyu, kina tsaye. Ni shi ke nan abin da na roƙa."

Baba ya karɓi kwaɗon, ya rufe ƙofar da hannunsa, ya miƙa wa Injiniya mabuɗin. A nan ne Baba ya ji daga bakin Injiniya abin da ke shafi na biyu na rahoton, wanda bai karanta ba, Makaɗi kuma bai ambata ba: ginin lafiyarsa ƙalau, dandamalin kawai za a sake, kuma zauren bai dace da ɗakin jarrabawa ba.

An yi wasan a filin ƙwallon kwando, a kan siminti, da rana tsaka. Ba shi ne wasan da Baba ya yi mafarki ba, gwiwoyi sun ji jiki, amma mutum arba'in suka hau, mutum arba'in suka sauka. Makaɗi ya buga gangarsa kansa a ƙasa, da aka tashi ya je ya ba Injiniya hannu. Zauren kuwa har yau a rufe yake, takardar gyara na yawo daga tebur zuwa tebur, Baba na bin ta da sanda.

Wata uku bayan nan aka ɗaura aure. Da aka kawo su gabansa, Baba ya kama hannun autarsa ya daɗe bai saki ba.

"Ɗana," ya ce wa Injiniya, "ni da na haife ta na tsayar da ita inda na san ba zai riƙe ta ba. Kai ka yarda ka rasa ta don ta rayu. Ba ni na ba ka ita ba, ka riga ka fi ni cancanta. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a ta gari, Ya yafe wa tsohon nan."

Malama ta durƙusa ta ɗora kanta a gwiwarsa.

"Na yafe maka, Baba, tun ranar."

Sai a lokacin ya saki hannun.